Barde Zarto Ya Koma Lambu

Labbo manomin albasa ne a Aliero, kuma shekara da shekaru bai taɓa bari wani kashi na shirin Birnin Hayaƙi ya wuce shi ba. Shiri ne na ƙasar waje da aka fassara da Hausa, cike da bokaye da macizai masu fuka-fuki. Gwaninsa a ciki Barde Zarto ne, mayaƙin da aka ƙwace wa gadon sarauta tun yana goye. Labbo ya sa an rubuta sunan Zarto a bayan babur ɗinsa, har bajimin da yake huɗa da shi ma Zarto yake kiransa.

Abokin musunsa Kalilu ne, tela daga Maiyama, wanda ya tsaya kai da fata cewa Sarauniya Mai Ido Ɗaya ce za ta ci birnin. Duk inda suka haɗu, ko gidan biki ko wurin ta'aziyya, sai an raba su.

Ranar kashin ƙarshe suka nufi gidan kallon Safwan da ke Jega Magaji, don shi ke da babban allo da sola. Labbo ya sa sabuwar shadda, ya sayi tsire ya rarraba wa mutane tun kafin a fara, ya ce walimar naɗin sarauta ce. Ya kuma shawarci Kalilu ya zauna kusa da ƙofa, don ya fita ba tare da an ga hawayensa ba.

Bayan la'asar aka kunna. Macijin da aka shekara ana tsorata mutane da shi ya fito, ya yi tari sau biyu, ya faɗi ya mutu. Sarauniya ta zame ta faɗa rijiya tana cikin jawabi. Dattawan birni suka zauna suka naɗa wani mai gadin ƙofa da ba wanda ya tuna sunansa, wai don shi ne ba ya son mulki. Shi kuwa Barde Zarto, ya jefa takobinsa a gulbi, ya hau jaki ya tafi ƙauye. Hoton ƙarshe ya nuno shi durƙushe cikin lambu yana murmushi, yana dasa albasa.

Kowa a ɗakin ya juyo ya dubi Labbo. Wani daga baya ya yi masa murnar samun maƙwabci.

Labbo ya miƙe ya ce wa Safwan a mai da baya, lalle masu fassara sun yi ha'inci. Safwan ya tuna masa cewa murya ake fassarawa, ba a fassara jaki. Duk da haka ya mayar. Zarto ya sake dasa albasar.

"Ni da nika gudowa nan in huta da albassa," in ji Labbo, "ashe wanga bawan Allah lambuna yaka nema tun farko."

Kalilu bai samu bakin dariya ba, tasa gwanar tana cikin rijiya. Suka fito tare suka tsaya bakin titi kamar masu jiran gawa, har Kalilu ya taimaka wa Labbo kankare sunan Zarto daga bayan babur da makulli.

A gida Labbo ya ture tuwo. Matarsa Hidaya ta saurari labarin duka, ta ce ita dai ta ga Zarto ya yi hankali, tun da shi ya san hanyar lambunsa da la'asar. Labbo ya ce da ita ba ta san shiri ba.

Ranar kasuwar Jega ya zauna bisa buhunansa ya fara ba mutane nasa ƙarshen, wanda ya ce shi ne na gaskiya da aka ɓoye. A ciki Zarto ya hau macijin, ya ƙone birnin, ya sare kan Sarauniya. Jama'a suka taru, har masu saye suka riƙa jira ya kai aya. Labari ya kai Maiyama kafin magariba. Mako na zagayowa sai ga Kalilu ya rufe shago ya zo, ya ratsa taron, ya ce ya yarda a jefa Sarauniyarsa rijiya, amma ba wanda ya isa ya sare ta da takobin da ke cikin gulbi. Sai da sarkin kasuwa ya aiko aka raba su.