Tafkin da Ke Bayan Baƙin Dutse

Hantsi bai gama ɗagawa ba, iska kuma da sauran sanyin ruwan da aka yi makon jiya, lokacin da Lurwanu ya kashe motarsa a inda hanya ta ƙare, gabas da Khaibar. Daga nan sai harra, baƙin dutse shimfiɗe iya ganin ido, kamar an kwaso gawayin duniya an zube wuri guda. Can gaba ga dutsen da suka zo dominsa, kansa a datse. An ce a zamanin da, ya taɓa aman wuta.

Ya zagayo ya buɗe wa kawunsa ƙofa. Kawu Badaru ya sauko yana laluben ƙasa da ƙafa. Ya sha farar jallabiyarsa ta Juma'a, da takalman fata masu madauri, irin waɗanda ba su san komai ba sai santsin daɓen Harami. Tun a gida, a unguwar Sultana ta Madina, Lurwanu ya aro masa kambas wajen wani abokin aikinsa na gareji, amma tsohon ya ture su da ƙafa, ya ce shi ziyara za shi, ba ƙwallo ba.

Ziyarar kuwa ta daɗe tana jira. Kawu Badaru da ƙanwarsa Zenabu, mahaifiyar Lurwanu, a ƙasar Biu suka tashi, kusa da tafkin Tila, wanda yake zaune a cikin bakin dutse kamar ruwa a ƙwarya. Da suka zo Madina suka zauna, sai Zenabu ta ji a bakin masu kawo dabino cewa akwai irinsa a harrar Khaibar, amma sai shekarar da aka yi ruwa sosai yake taruwa, kuma ba ya jimawa rana take shanye shi. Shekara da shekaru suna cewa in an yi ruwa za su je. In an yi ruwan babu mota, in an sami mota babu ruwa, har Zenabu ta kwanta a maƙabartar Baƙi'a. Yanzu kuma likitar asibiti ta faɗa musu gaskiya: ciwon sukari ya cinye idon Kawu na hagu, na dama ma yana bin sawu. In bai ga ruwan nan bana ba, ba zai gan shi ba.

Wani Badawi, Balaraben daji mai kiwon awaki, suka tarar a gindin dutsen. Ya yi musu kwatance da sanda: hanyar zagaye take yi, tafkin yana ta baya. Su bi dama, dutsen yana hagunsu, nan toka ce mai laushi. Ta ɗaya gefen kuwa duwatsu ne masu kaifi, ko awakinsa ba sa son bi.

Kawu ya yi masa godiya da Larabci, sannan ya juya ya nufi hagu.

"Kawu, dama ya ce."

"Na ji shi. Ba zan sa dutse a haguna in zagaya shi ba. Ɗaki ɗaya ake yi wa haka a duniya, kuma ba a nan yake ba."

Lurwanu ya lallaɓa shi, ya ce ai ɗawafi sai da niyya, su kuma yawo suka zo. Tsohon ya ce shi bai yi karatu ba, Lurwanu ma bai yi ba, to gara jahilai biyu su bi inda babu shakka. Badawin ya bi su da kallo, ya girgiza kai, ya koma wajen awakinsa.

Da farko tafiyar ba ta yi wuya ba. Kawu ya dafa kafaɗar Lurwanu, bakinsa ya buɗe. Ya ba shi labarin yadda suke zagaya Tila da rani, shi a gaba, Zenabu a baya tana riƙe da gefen rigarsa. Yadda take jifan ruwa wai don ta tashi kadoji daga barci, da an ga motsi kuma ita ce ta farko wajen gudu. Ya ce ƙanshin ƙasar can bayan ruwa daban ne, na nan ƙanshin ƙarfe yake yi. Lurwanu, wanda a Madina aka haife shi, bai taɓa taka Biu ba, yana ta cewa "tayyib, Kawu," yana kuma zaɓa masa inda zai sa ƙafa.

Sai duwatsun suka fara nuna halinsu. Kowanne da haƙoransa, kuma ba sa zama wuri ɗaya in an taka. Rana ta hau, sanyin safiya ya gudu. Suna tsakiyar hawa madaurin takalmin Kawu na dama ya tsinke, ƙafar ta zame, dutse ya tsaga masa gefen babban yatsa.

Lurwanu ya zaunar da shi, ya wanke ciwon da ruwan gora. Ya tuna likitar ta ja masa kunne a kan ciwon ƙafa ga mai sukari. Ya fara kwance igiyar nasa takalman.

"Mayar," in ji Kawu. "Ɗan Zenabu ba zai taka wannan wuri ba takalmi ina raye ba."

"To mu koma. Wallahi zan sake kawo ka."

"Da wane idon?"

Lurwanu ya dubi baya, motar ta zama ɗan farin ɗigo. Ya dubi gaba, babu alamar ruwa, sai baƙi a kan baƙi. Wataƙila ma ya riga ya ƙafe. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ciro hankicinsa ya yage shi biyu, ya naɗe yatsan da rabi, ya ɗaure takalmin a ƙafar da ɗaya rabin. Suka tashi.

Daga nan labari ya ƙare, sai numfashi. Taku kaɗan, a tsaya, a gyara ɗauri. Nauyin tsohon ya dawo kusan duka a kafaɗar Lurwanu. Gab da azahar hanyar ta karya kwana, iska mai sanyi ta bugo su, sai ga shi a ƙasa, cikin kwarin dutsen: ruwa kwance, shuɗi, da farin gishiri a gefensa inda ya fara janyewa.

"Ga shi, Kawu."

Tsohon ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya ware na dama. Ya ce haske kawai yake gani, kamar an ajiye faranti a rana. Lurwanu ya kama hannunsa suka gangara, har jallabiyar ta taɓa laka. Kawu ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya sunkuyar da fuska dab da ruwan. Ya jima a haka.

"Yanzu na gan shi," ya ce. "Har da wani tsoho a ciki."

Ya ɗebo da hannu ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tofar. Sai dariya ta kama shi, har kafaɗunsa na rawa. Ya ce da uwar Lurwanu ta zo, da ta ce masu dabino sun cuce ta, wannan ko rabin rabin Tila bai kai ba, ga ɗaci, ga shi ko kwaɗo babu balle kada. Dariyar ta lafa a hankali. Ya sake duban ruwan, ya ce amma launin, launin dai shi ne.

Suka yi alwala da ruwan gora, suka yi azahar a kan wani faffaɗan dutse. Bayan sallama Kawu ya zauna yana addu'a, fuskarsa a wajen tafkin, sunan Zenabu yana fita a hankali tsakanin kalmomin. Lurwanu ya lallaɓa ya miƙe, ya cire takalmansa, ya sassauta igiyoyin sosai don kada su matse yatsan, ya ajiye su daidai inda tsohon ya bar nasa. Shi kuma ya zura na fatar, ya ɗaure tsinkakken da guntun hankicin.

Kawu ya shafa addu'a, ya miƙa ƙafa yana lalube. Ƙafar ta taɓa takalmin ta tsaya. Sannan ya tura ta ciki, ya tura ɗayar, ya miƙo hannu a ɗaga shi.

"Yalla, mu tafi," ya ce. "Dutsen ya zauna a damanmu, mu ƙarasa zagayen ta wajen toka."