Kiranye a Bakin Bahar

Wani irin gurnani ne ya tashi Malam Illiyasu daga barci, kamar saniya ta faɗa rijiya. A hawa na huɗu na bene a unguwar Arba wa Nus ta Masar kuwa babu saniya, babu rijiya. Ya lallaɓa kicin, ya tarar da matarsa Zainaba ta cusa kai cikin tukunya tana kiran sunan ɗansu.

"Tanimu! Tanimu!"

Haka ake kiranye a garinsu idan mutum ya ɓata. Tun bara Tanimu ya hau kwalekwale daga wajen Iskandariyya zai tsallaka bahar zuwa Turai, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Malam, tukunyar Masar ba ta kai murya," in ji ta. "Ka kai ni bakin bahar ɗin da kansa."

Sai Illiyasu ya ji ɗaliban unguwar Hay el-Sabi' sun ɗauki mota za su yawon bahar. Bai tambayi komai ba, ya roƙa musu kujeru biyu.

Sun sha tafiya cikin hamada kafin su isa wani gandun da hukuma ke tsaro. Ɗalibai suka yi gaba da hayaniyarsu, su kuma suka gangara wani lungu tsakanin duwatsu, inda ruwa ya shigo ya kwanta kamar ya gaji. Ba kowa. Illiyasu ya tsaya kallon kifaye masu zane irin na atamfa, da wata ƙaguwa mai yawo da gidan aro a bayanta.

Zainaba ta tattare zani, ta shiga har gwiwa, ta yi ta kira.

Wani ma'aikacin gandun ya ƙaraso, ya tambaya da Larabci ko lafiya. Illiyasu ya ba shi labari da guntun Larabcinsa. Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj. Wannan Bahar Maliya ne. Na Iskandariyya daban yake, yana can arewa."

"Me ya ce?" Zainaba ta tambaya daga cikin ruwa.

"Ya ce wurin nan shiru ne, murya tana nisa."

Ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba, ta ci gaba har muryarta ta dushe. A mota ta yi barci da kanta a kafaɗarsa. Shi bai runtsa ba.

Da safe suka tarar da maƙwabciyarsu Mahasin, Bahaushiyar Sudan, tana sharar matakala.

"Khalas, shi ke nan, na kira shi," Zainaba ta ce mata. "A bakin bahar, ƙafata cikin ruwa."

"Madalla, yaya! Allah ya jiyar da shi." Mahasin ta jingine tsintsiya. "To wanne daga cikin bahar biyun kuka je?"

Zainaba ta juyo ta dubi mijinta. Malam Illiyasu yana ta laluben makulli a aljihun da babu shi.