Littafin Goggo Ba Baƙo Ba Ne

Ni Barira ba na son a yi mini gwaninta a abin da ban sa mutum ba, kowa a unguwarmu ta Gadarif, nan ƙasar Sudan, ya san haka. Shekaru na yi ina koyar da 'yan mata a firamare, da na ajiye alli kuwa na ce zaman kashe wando ba nawa ba ne. Na ɗauki rikoda na tare a ɗakin Goggo Fatsuma, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yankan riɗi da dawa a manyan gonakin Doka. Waƙoƙin da mata ke yi a bakin aiki, da labarin yadda kakanmu ya taso daga Katagum a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Hawata ya kafa bukka, duk na rubuta su. Da Hausa na rubuta, da baƙaƙen Larabci, don su mutanenmu suke iya karantawa.

Ban nemi wani kamfani ya buga mini ba. Wa zai saurare ni? Na kai wa Jibril mai maɗaba'a da ke bayan kasuwar hatsi. Ya juya takardun ya ce, "Ustaza, aiki ya yi kyau, amma fa da saura. Akwai lambar da ake ba kowane littafi a duniya, tasa shi kaɗai, a buga ta a bayan bango. In babu ita, shagunan littafi ba sa karɓa, ɗakunan karatu ba su san da shi ba. A Khartum ake bayarwa, kuma sai kin ajiye musu kwafi."

Da na faɗi haka a gida, yayana Harisu, wanda ke fataucin ƙaro, ya yi wuf ya ce, "Haba, ke da ciwon gwiwa ina ke ina Khartum? Bar mini, ina da mutane." Wallahi har daɗi na ji. Na ce a raina ashe ɗan'uwa rabin jiki ne da gaske. Ba a jima ba ya aika wa Jibril lamba ta waya, Jibril ya kunna injinsa.

Ranar da na je ɗaukar kaya, na tarar da littattafan a jere, bango kore, ga sunana Barira Husaini, ga na Goggo a ƙasa. Ina shafawa ina murna sai Jibril ya ce, "Mabruk, Ustaza. Ni dai yau na fara buga littafin Najeriya a shagon nan."

Na ce, "Na ina?"

"Najeriya mana. Lambobin farkon nan su ke faɗin ƙasar da littafi ya fito. Wannan ta Najeriya ce, tamu ta Sudan daban take. Na ɗauka kin sani."

Innalillahi! Raina ya ɓaci har kunnuwana suka ɗau zafi. Na ɗauki guda ɗaya, na tari rakasha, keke mai ƙafa uku, na biya na ɗauko Goggo, muka nufi gidan Harisu. Muka same shi a rumfa yana shan gahawa.

"Yaya, mene ne wannan?"

Bai ma yi musu ba, shi ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce wani abokin cinikinsa, Alhaji Lawali, yana da ƙani mai kamfanin buga littattafai a Kano, shi ya ba da lamba ɗaya cikin nasa. "To me ya ɓaci? Lamba ai lamba ce."

"In lamba lamba ce, me ya hana ka karɓo ta Khartum?"

Ya ajiye kofin. "Barira, ki yi hankali. Kin manta yadda Baba ya sha wuya kafin ya samu jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa? Kin manta yadda aka hore mu, in mun shiga ofis mu bar Hausa a bakin ƙofa? Yanzu Yusufuna yana neman aikin gwamnati, ana bin asalin kowa. Ke kuma za ki ɗauki littafi da ke cewa kakanmu daga Katagum ya zo, da sunan gidanmu a kai, ki kai wa hukuma da hannunki ta ajiye. In lambar Kano ce, wanda ya tambaye ni sai in ce littafin can ne, suna ne ya zo ɗaya."

Ba zan yi ƙarya ba, tsoronsa ba na banza ba ne. Ni ma na san kallon da ake mana in an ji harshenmu a layi. Na tausaya masa, amma tausayin bai kai ya kashe fushina ba.

Goggo ce ta riga ni magana. Tana zaune a bakin gado, ba ta karatu, amma kunnenta ras. Ta ce, "Harisu, wato waƙoƙina ka mayar Kano?"

"Goggo, a takarda ne kawai."

"Wa na sani a Kano? A Hawata aka yanke mini cibi. A Doka kunama ta harbe ni ina ɗaurin riɗi, a can na binne 'ya'ya biyu. Waƙar da na yi wa mai gonar da ya hana mu ruwa, Bakano ya san shi? Kai ɗan nan, ka rasa wanda za ka mayar baƙo sai ni da tsufana?"

Harisu ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Ya ce an riga an buga, aikin gama ya gama, sai haƙuri.

Na ce, "A wurinka ya gama."

Washegari na sa aka kwaso littattafan kaf zuwa tsakar gidana. Na kira matan da suka yi aiki tare da Goggo, waɗanda muryoyinsu ke ciki, na gaya musu abin da aka yi. Kai, ka ga tsofaffi sun harzuƙa! Wata da wuƙa, wata da almakashi, Goggo ta ce ita a miƙo mata tsohon laujenta. Muka zauna muna cire bangon ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada a taɓa cikin, suna rera waƙar yankan riɗi suna ba juna amshi. Maƙwabta suka leƙo suna cewa Ustaza ta haukace, ta buga littafi tana yagawa. Na ce eh, haukan ne, a matsa a ba mu iska.

Na hau bas zuwa Khartum da gwiwar tawa da komai. Tun daga garin Fau da ke kan hanya nake tsara faɗan da zan yi, na tanadi amsar kowace baƙar magana. Na shiga ofishin na zauna gaban wani ma'aikaci mai furfura. Ya tambaye ni inda nake zaune, na ce Gadarif. Ya ce da wane harshe aka rubuta, na ɗaga murya yadda na bayan layi ma zai ji, na ce, "Hausa!" Mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba. Ya rubuta, ya ce in an gama bugu in kawo musu kwafinsu. Na fito da faɗana a ciki ban samu mai saye ba, har haushi ya so kama ni. A bakin titi na tsaya na yi kuka, don na tuna Baba da yadda yake rage murya in ya ga mai kaki.

Jibril ya sake buga bango da lambar Sudan. Yana cikin liƙawa ina tsaye a kansa sai ga Harisu ya shigo shagon, fuska a murtuke. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba.

"Na ji kin yi abin da kike so. To abu ɗaya ya rage. Ki cire sunan Baba daga bangon. Ki sa Barira kawai, ko Ustaza Barira, duk abin da kika ga dama. In kin ƙi, ƙafata ba za ta ƙara taka gidanki ba."

Na san Yaya, in ya faɗa yana cikawa, kuma shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Jibril ya tsayar da aiki yana kallona, buroshin gam a hannunsa.

Na ce, "Yaya, Husaini ubanmu ne mu biyu. Ko a rabon gado, kai kashi biyu, ni ɗaya. Naka biyun ka ɓoye su inda kake so, ba zan tona ba. Nawa ɗayan shi ne wannan da ke kan bango, kuma ba na sayarwa ba ne."

Na juya na ce, "Jibril, gam ɗinka zai bushe. Ci gaba da liƙi."