Ƙaramin Ɗigo da Babba

Ranar Juma'a Tatay Ambo, wato Baba Ambo, ya ajiye kwalaye biyu a kan teburin da yake gyaran bindigogi, ya kira 'ya'yansa mata. Madubin saiti ne a cikin kowanne, irin wanda ake ɗaurawa a kan ƙaramar bindiga, mai harbi ya leƙa ya ga jan ɗigo a inda harsashi zai sauka. Ɗaya ɗigonsa ƙarami ne kamar kan allura, ɗayan kuwa ƙato kamar ƙwayar wake.

Ya tura wa Mayang ƙaramin, ya tura wa yayarta Charito babban.

Charito ta dubi kwalin da ke gabanta. Shekara tara tana riƙe da kambun mata a ƙungiyar harbi ta garinsu, Bacolod. Mayang kuwa bara ta fara, amma tuni maza a filin harbi suka koma yabon hannunta. Ga shi ranar Lahadi za a gwada su, mace ɗaya tak za a tura gasar birnin Cebu. Kuma kowa ya sani, tsofaffin da idonsu ya gaji ne suke ɗaura babban ɗigo.

"Tatay, ni ce kakar taku ke nan?"

"Shi ya dace da ke," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

"Ita kuma 'yar lele a ba ta na gwanaye."

Mayang ta yi dariya, bakinta cike da soyayyar ayaba. "Haba Manang, babbar yaya, in kina so ki ɗauka mana. Ni ko wanne ne."

Wannan "ko wanne ne" ɗin ya fi komai ƙona mata rai. Ta fizge kwalin ƙaramin ɗigon, ta tura wa Mayang babban. Uban ya ɗaura wa kowacce abin da ke hannunta a kan bindigarta.

Lahadi da safe, a filin da ke bayan gonar rake, Charito ta ɗaga bindiga ta leƙa. Babu ɗigo. Wani jan abu ta gani ya baje, da wutsiya ta gefen hagu, kamar jan biro da ruwa ya taɓa. Ta goge gilashin da gefen rigarta. Yana nan yadda yake.

"Ke Mayang! Lalatacce kika ba ni, shi ya sa kika saki da sauri haka."

"Ni? Ke fa kika ƙwace, Manang."

Tatay Ambo ya karɓi bindigar, ya kara wayarsa a bayan gilashin ya ɗauki hoto, ya miƙa mata. A hoton ɗigon a dunƙule yake, tsaf da shi.

"Madubin lafiyarsa ƙalau," ya ce a hankali don kada mutane su ji. "Wata shida ina kallon yadda kike matse ido kafin ki karanta rubutun gaban mota. Babban ɗigo ko ya baje kina iya kama tsakiyarsa. In ce Mayang ta dawo miki da babban? Akwai sauran lokaci."

Charito ta dubi ƙanwarta. Har ta koma can tana gwaji, farantan ƙarfen da ake harbi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wani tsoho yana ihu, "Kai, Inday, 'yar yarinya, sai ke!" Yanzu ta taka ta je gaban mutanen nan ta roƙe ta?

"Bar mata," ta ce.

Da aka kira sunanta, farantan kusa duk ta kayar da su. Na nesa guda uku ne suka tsaya ƙyam, ta yi ta zuba musu harsashi, jan abin yana rawa a kansu, har agogon alƙali ya yi ƙara. Mayang ta riga ta da daƙiƙa shida.

A mota kan hanyar gida Mayang ta jingina da kafaɗarta.

"Manang, za ki raka ni Cebu ko? Ban san kowa ba a can."

Charito ba ta ture ta ba. Idonta na kan jakar bindigar da ke cinyar Mayang, wadda babban ɗigon yake ciki.

"Tatay," ta ce can, "a ina mai gwada idon nan yake?"

"Kusa da kasuwa."

"Gobe ka kai ni. Kuma in ta dawo daga Cebu, madubina mai babban ɗigo nake so."