Gizo-gizo a Cikin Tulun Mama Miriyam

Shekara goma sha tara Mama Miriyam tana kaɗa tulu a Zumuntar Matan cocinsu da ke Kagoro. Babban tulun yumɓu ne da ake buga bakinsa da soso, idan ya yi gurnani har a bakin titi ana jin sa. Tun farkon damina yake ajiye a siton coci, domin ƙarami suke ɗauka ran Lahadi. Amma Asabar mai zuwa akwai babban taron mata a Kafanchan, shi ya sa ran Talata da la'asar ta jawo shi waje.

Ta zura hannu da tsumma za ta goge cikinsa, sai ta ji tsuk a bayan hannunta, kamar sukar allura. Da ta zaro hannun, wani gizo-gizo ruwan ƙasa, mai dogayen ƙafafu, ya faɗo ƙasa. Ta take shi da silifa.

Mama Doreen, shugabar zumuntar, ta kama hannun ta duba. "A kawo reza a tsaga wurin, a matse dafin, a shafa kananzir."

"Wannan hannun ne za ki tsaga, ana saura kwana huɗu taro?" in ji Miriyam. Ta ciro waya ta kira surukarta Bernice, wadda take aikin nas a Kafanchan.

"Mama, kin gan shi da idonki?" Bernice ta tambaya. "Da yawa suna cewa gizo-gizo ne, alhali maruru ne."

"Ga gawarsa nan a gabana."

"To. Kada kowa ya tsaga, kada kowa ya tsotsa. Ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti goma, ki huta, ki sake. Ki riƙa ɗaga hannun sama. Sannan ki sa a zagaye jan wurin da biro. Idan ja ya tsallake layin, ko zazzaɓi ya zo, ko ciki ya fara murɗawa, ko numfashi ya yi wuya, ki taho nan take. Kuma Mama, don Allah ban da susa."

Miriyam ta yi duka. Patricia, matar da take kaɗa ƙaramin tulu, ita ta zana layin. Kumburin bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ga ɗan ja kewaye da shi. Ta sha farasitamol, raɗaɗin ya lafa.

Washegari ƙaiƙayi kawai ya rage. Ta dubi hannun, ta tuna ciyawa ta kusa cinye gonar cittarta, ta ɗauki fartanya. Can a gona zufa ta shiga wurin, ƙaiƙayi ya tsananta. Ta sosa da farce mai ƙasa, ta ji daɗi, ta ƙara har ya ɗan yi jini.

Ran Alhamis da safe jan ya wuce layin biro da faɗin yatsa biyu. Hannun ya yi zafi, yana bugawa, ga kaluluwa a hammata. Ta ja gyale ta rufe, amma mijinta Baba Gershon ya ga yadda take riƙe kofin shayi da hagu. Ya yaye gyalen, ya dubi layin, ya je ya tayar da babur.

A asibiti Bernice ta juya hannun ta ga sawun farce.

"Mama, kin je gona."

"Ɗan leƙawa na yi."

Likita ya ce da cizon ne kaɗai, da ya warke a 'yan kwanaki. Susar ce ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Aka wanke wurin, aka yi mata allurar tetanus, aka ba ta magani na mako guda, aka ce ta shanye shi duka ko da ta ga sauƙi. Bernice ta rataya mata hannun a wuya da ɗankwali.

Ran Asabar Patricia ce ta kaɗa babban tulu. Miriyam ta zauna a bayanta tana buga mata ƙafar benci da diddige duk lokacin da ta fara sauri. Abin ya yi mata ciwo, amma ta yi waƙa har muryarta ta dushe.

A kwana na goma ɓawon ciwon ya faɗi, ya bar ɗan baƙin tabo. Ta koma gona ta tarar Baba Gershon ya yi mata noma, sai dai ya tuge citta kusan kunya guda tare da ciyawa. Ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta durƙusa ta fara tsince waɗanda ba su bushe ba tana mayar da su ƙasa.