Ranar Da Aka Ɗaga Gidan Inna Paraschiva

Shekara goma sha huɗu ke nan ina wannan aiki: mai son sayen tsohon gida ya kira ni, in je in duba masa ginin daga ƙasa har rufi, in rubuta masa abin da na gani kafin ya sa hannu a takarda. Sunana Viorica Bledea, ofishina yana Baia Mare, ɗaki ɗaya a saman wani shagon magani. Yawancin gidajen da nake dubawa na bulo ne ko na dutse. Na katako ba su cika zuwa hannuna ba, don masu sayensu galibi warware su suke yi su kwashe katakon.

A watan Mayu wani likitan haƙori daga Cluj, Codrin Vlasin, ya bugo mini waya. Shi da matarsa Ilinca sun ga wani gida a ƙauye can saman kwarin kogin Iza, kuma zama suke so su yi a ciki. Mai gidan wata tsohuwa ce, Paraschiva, za ta koma wurin 'yarta a gari saboda gwiwoyinta sun gaza hawan tudu.

Na isa da hantsi na tarar da su ukun a baranda. Gidan ɗaki biyu ne da soro a tsakiya, an gina shi da gungumen itace an jera wani kan wani, bakunansu sun sarƙe a kowace kusurwa ba ƙusa ko ɗaya. Na fara daga sama, kamar kullum. Gidan ba shi da bututun hayaƙi, hayaƙin murhu a cikin rufi yake yawo ya fita ta kafofi biyu, saboda haka katakon rufin ya yi baƙi ƙirin. Na caka masa tsinken ƙarfena, tsinken ya tankware, hayaƙi ya busar da katakon ya yi tauri. Na sauko ina murmushi, Ilinca ta ga fuskata ta damƙe hannun mijinta.

Sai na zagaya baya, ɓangaren arewa.

Irin waɗannan gidaje a kan gungume huɗu suke zaune, manya, na itacen stejar mai taurin tsiya. Mu kan kira su tafin gida. Su kuma a kan duwatsu aka ɗora su, don kada su taɓa ƙasa. Na baya ɗin nan mita goma sha ɗaya ne, itace guda, ba haɗi. Amma shekara da shekaru ruwan sama yana wanko ƙasa daga tudu yana tarawa a gindinsa, har ta binne duwatsun ta kama itacen. Na durƙusa na share ciyawa, na caka tsinke. Ya shige kamar cikin burodi. Na matsa gaba na sake cakawa, haka. Wajen mita uku ya ruɓe, daidai ƙarƙashin kusurwar da ke ɗauke da nauyin babban ɗaki.

Na dawo baranda na faɗa musu ba kwana-kwana. Na ce rufi lafiya, bango lafiya, amma tafin baya ya tafi, shekara uku ko huɗu kusurwar za ta nutse. Gyaran da na sani shi ne a sauke rufi, a warware bangon gungume bayan gungume, a sauya tafin, a sake jerawa. Aikin wata biyu ne, kuma tsohon katako idan an warware shi ba lalle ya koma yadda yake ba.

Ilinca ta juya baya tana kallon gonar. Codrin ya cire tabarau yana gogewa da rigarsa. Inna Paraschiva kuwa ta miƙe da ƙyar, ta je bakin danga ta ƙwala kira: "Gavrila! Kai Gavrila, ko ka mutu ne? Zo ka ji abin da 'yar boko take cewa."

Wani tsoho ya ratso ta dangar, gajere, da 'yar hular kaba a tsakar kai, hannunsa na hagu yatsa huɗu. Kafinta ne, maƙwabcinta tun suna yara. Bai gaishe ni ba sai da ya je ya duba wurin ya dawo.

"Injiniya, gaskiyarki, ya ruɓe," in ji shi. "Ni na daɗe ina ce wa matar nan ta kwashe ƙasar, amma kunnenta na ado ne."

"Kai da kake da hannu me ya hana ka kwashewa?" in ji Inna.

"To amma wa ya ce miki sai an warware?" Ya dube ni. "In takalminki ya huje, ƙafa kike cirewa?"

Na ce, "Baba, to ta ina za a zare gungumen da gida yake zaune a kansa?"

"A ɗaga gidan mana."

Na ɗauka zolaya ce. Na yi masa lissafin nauyin bango da rufi, na ce zai kai tan ashirin. Na ce ga murhun ƙasa a ciki, da bango ya motsa zai tsage. Ya kama hannun rigata ya ja ni cikin ɗaki, ya ce in zura yatsu tsakanin murhun da bango. Na zura, yatsu biyu suka shige har ƙasa. Murhun bai jingina da komai ba, daɓen ma na ƙasa ne, bai haɗu da bango ba.

"Kin ɗauka mantuwa suka yi?" in ji shi. "Wanda ya gina shi ya san wata rana za a ɗaga."

Inna Paraschiva ta ce ita dai ba za ta sayar wa mutane gurgun gida ba, a gyara tukuna. Baba Gavrila ya ce sai Agusta, lokacin da samarin ƙauyen da ke aiki a Faransa da Italiya suke dawowa hutu. Na rubuta rahotona kamar yadda na gani, na ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa akwai wata hanyar gyara da ban taɓa gani ba, ba zan yabe ta ko in kushe ta ba sai na gani da idona.

Ranar Asabar ta biyu a watan Agusta na koma. Tun daga gada nake ganin motoci masu lambar ƙasashen waje. An yi gayya, maza ashirin da shida na ƙirga, ban da matan da ke girki a gidan Baba Gavrila. An riga an kwashe ƙasar baya. Sabon tafin yana kwance a ciyawa, Baba ya sassaƙe shi da gatari, ya ce itacen shekara tara yana bushewa a rumbun ƙaninsa. Na zo da jak biyu na ɗaga babbar mota, na aro a gareji. Ya dube su ya ce, "Ajiye su can, ƙila mu buƙaci abin zama."

Dogayen itatuwa takwas suka kawo, kowanne ya fi mita shida. Suka cusa bakin kowanne a ƙarƙashin gungume na biyu, wanda ke kan ruɓaɓɓen tafin, suka tokare shi da kututture, mutum uku-uku suka kama ɗaya bakin. Mutum biyu aka ware su riƙa tura weji, wato guntun katako mai sirantaccen baki, duk inda gida ya tashi. Codrin ya tuɓe agogo ya shiga sahu.

"Likita, yau haƙorin babba ne fa!" in ji wani ƙato mai suna Dumitru.

"Ku ba shi wurin tsakiya, kada iska ta ɗauke shi," in ji wani.

"Kai Dumitru, tumbin nan da ka tara a Faris yau zai yi rana, kwanta kawai a kan sandar."

Ni cikin ɗaki na shiga da ma'aunina, don in sa ido a kan kusurwoyi. Na yi alama da fensir a wuri shida, na shirya in yi ihu da na ga haɗi ya buɗe. Sai na tarar da Inna Paraschiva zaune a kan 'yar kujera a tsakar ɗakin, ta ɗaura sabon ɗankwali.

Na ce, "Inna, ki fita mana, ba a san abin da zai faru ba."

"A ɗakin nan aka haife ni, 'yar nan. Ke ce baƙuwa, in fita za a yi ke za ki fita."

Daga waje muka ji surutu ya ɗauke. Muryar Baba Gavrila ta taso, ba da ƙarfi ba: "A hankali. Kada kowa ya riga ɗan'uwansa. Da sunan Allah. Danna!"

Gidan ya yi wani irin nishi. Ban taɓa jin ƙara irinta ba, mai zurfi, ta taso daga kusurwa ta bi bango ta hau rufi, na ji ta a haƙorana. Baƙin gari ya zubo daga sama sirara-sirara. Farantan da aka rataye a bango suka karkata gaba ɗaya, suka tsaya. Sai wani siririn haske ya bayyana a gindin bangon arewa, daga wannan kusurwa har waccan, kamar an ja zare.

"Weji! To, ku huta. Kuma dai. Danna!"

Zaren ya zama faɗin yatsa, ya zama faɗin tafin hannu. Rana ta kwanto a daɓen da ba ta taɓa gani ba. Ina iya hangen takalman mutane a waje, da ciyawa, da wata kaza tana wucewa abinta. Iska mai ƙanshin sabon yankan ciyawa ta shigo ta ƙarƙashin bango ta kaɗa bakin zanen gado. Bango, da taga, da labule, da hoton Maryamu da fitilarsa, da rufi, nauyin nan da na ce tan ashirin, duk sun tashi sun tsaya a iska a kan hannun mutane, mu biyu da murhu muna ƙasa. Na tuna da aikina na ruga na duba alamomin. Ko ɗaya bai goce ba. Haɗin kusurwoyin ma ƙara cijewa suka yi, nauyi yana matse su. Na duba sau biyu.

Inna ta yi alamar gicciye. A hankali ta ce, "Uwata ta ba ni labari, na ɗauka ƙari take yi."

Da gidan ya tashi taƙi ɗaya da rabi, aka tokare shi da kututtura, aka ɗaura igiya a tsohon tafin, mutum goma suka zare shi ta gefe. Baba Gavrila ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin bangon yana share wurin da hannu. Can sai ya kira ni.

"Injiniya, kawo tocilarki. Kwanta nan."

Na fita na kwanta kusa da shi, gida a saman fuskata. A cikin gungume na biyu, fuskar da ke kife a kan tafin, wadda ba mai ganinta sai an ɗaga gida, akwai rubutu da aka sassaƙa da bakin ƙarfe. 1788, da ɗan gicciye. Gaba kaɗan 1861, da wani hannu daban, lambobin a karkace. Sannan 1937, da haruffa biyu, I da H.

Baba ya ɗora yatsa a kan haruffan. "Ilie Hotico. Babana ke nan." Ya share ƙurar da ke kansu. "Ya koya mini yadda ake yi, amma bai taɓa ce mini ya yi a gidan nan ba. Ni ban taɓa ɗaga gida ba sai yau. Rumbu na ɗaga, sau biyu."

Na juyo na dube shi. "Baba! Sai yanzu kake gaya mini?"

"Da na gaya miki a watan Mayu, da kin rubuta a takarda."

Aka kira Inna, aka kama ta ta durƙusa ta leƙa. Aka kira Codrin da Ilinca. Daga nan maza suka yi layi, ɗaya bayan ɗaya suna kwanciya a ƙasa suna dubawa, har Dumitru, wanda ya taso ya cire hula bai yi wa kowa ba'a ba. Baba ya karɓi ƙarfen sassaƙa da guduma ya sassaƙa shekarar da ake ciki a gaban ta ubansa. Hannunsa ya gaji kafin ya gama lamba ta ƙarshe, ya miƙa wa Codrin ya ƙarasa.

Shigar da sabon tafin ya ci awa biyu, don sai da aka sake jera duwatsun aka ɗaga su sama da ƙasa sosai. Sauke gidan ya fi ɗaga shi wuya, weji ɗaya-ɗaya ake zarewa. Da ya zauna sai ya yi ƙara guda, tim, hasken nan na gindin bango ya ɗauke. Na auna kusurwa huɗu. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai kaurin fensir ba. Na tura ƙofa da yatsa ɗaya, ta rufe.

Aka shimfiɗa tebura a ƙarƙashin itatuwa, aka kawo tuwon masara da cuku da naɗin kabeji. Codrin ya kasa riƙe cokali saboda tafinsa duk ya yi bororo, Ilinca tana ba shi a baki ana yi musu dariya. A kan murfin motata na rubuta rahoto na biyu, shafi ɗaya, na ce gidan lafiyayye ne, a dai riƙa kwashe ƙasar baya duk bazara. Sun saya a watan Satumba, suna ciki har yanzu.

Kafin in tafi a ranar, na ga mutane sun taru a kan tsohon tafin da aka yar a ciyawa. Dumitru ya tayar da zarton inji ya yanke ruɓaɓɓen ɓangaren, sai da ya tsaya ya wasa sarƙar zarton kafin ya ratsa. Cikin itacen ya fito fari sol, yana ƙanshi mai tsami kamar yau aka sare shi a daji. Mita takwas suka rage ba tabo. Nan take gardama ta tashi tsakanin mutum biyu, ɗaya yana so ya sa a gindin rumbunsa, ɗaya yana cewa gadar rafin bayan coci ta fi buƙata. Na bar su Inna Paraschiva tana raba musu gardama da sandarta.