Gonar Shaida

Iliyasu ya sa farce ya tsaga tumatirin, sai ga ta a ciki kamar mai gida: tsutsa 'yar siririya, koriya-koriya, ta ɗago baƙin kanta ta dube shi, ta koma cin abinta. Sharon ke nan, yadda manoman Kadawa suke kiranta. Ya jefar, ya tsinko wani. Shi ma haka. Ganyayen sun yi fari-fari sun nannaɗe, sai ka ce an bi kunyoyin da bakin wuta.

Tsallaken 'yar magudanar ruwa kuwa gonar Maikano ce, shar da ita, 'ya'ya reto-reto. A kowace kusurwa an kafa fitila mai aiki da hasken rana, ƙarƙashinta kwano cike da matattun ƙwari.

"Shaida! An tashi lafiya?" in ji Maikano daga can. Taubashinsa ne, ba ya raga masa. "Ina baƙin naka? In ba su ƙoshi ba ka turo su, mu ma mu sami lada."

"Ka ci gaba da haushi," in ji Iliyasu. "Da bakinka yana maganin ƙwari, da jami'a ta huta."

Ya yi dariya don kada a ce bai yi ba, sannan ya juya ya dubi allon da ke bakin gonarsa. Farin allon ƙarfe ne mai tambarin jami'a, da Turanci layi-layi. A ƙasa, da manyan baƙaƙe kore, kalma ɗaya ta Hausa: SHAIDA.

Da kaka aka kafa shi. Abdurrahman, ɗan ƙanwarsa Hawwa'u, wanda yanzu dakta ne a wata jami'ar fasaha a maƙwabciyar jiha, shi ya zo da mota da ɗalibai. Ya ce sun haɗa maganin sharon daga 'ya'yan darbejiya, injiniyoyinsu kuma sun ƙera fitilar da ke jawo uwar tsutsar ta faɗa tarko. Gonaki za a zaɓa a gwada.

"Taka kuwa, Kawu, ita ce shaida. Ba za ka fesa komai ba sai an gama. Ka yi mini alkawari?"

Iliyasu bai tambayi komai ba. Shaida ai sananniyar kalma ce a wurinsa. In an yi rigimar iyakar gona shi dagaci yake kira. In za a ɗaura aure, shi ake zaunarwa kusa da liman. Ba a sa maƙaryaci shaida. Ya ɗauka maganin nasu ne za a zo a fesa masa, shi ya sa aka hana shi haɗawa da na kasuwa. Ya miƙa hannu, ya ce ya yi alkawari. Ranar har hular Juma'a ya ɗauko aka yi masa hoto a jikin allon.

* * *

Da ya koma gida ya tarar da famfon feshi jingine a zaure, ga kwalbar magani a gefe. Sa'a, matarsa, tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Na wa ne wancan?"

"Na yayana Datti. Arowa na yi. Ba kwalliya na kawo shi ya yi mana ba, Malam."

"Kin san na ba da magana."

"Na sani. Maganar za mu dafa in damina ta faɗi?" Ta ajiye rariya. "Gonar nan ita kaɗai gare mu. Daga ita hatsi, daga ita taki, daga ita komai. An fesa wa Maikano, an fesa wa Sada, kai an ba ka allo. Yo ni tun ranar da na ga ɗaliban nan suna murna na san da wata a ƙasa."

Gaskiya ta faɗa, sun yi murna. Duk mako suna zuwa da safar hannu da jakunkunan leda, su durƙusa suna ƙirga ganyen da ya mutu. Makon jiya wata daga cikinsu ta ɗaga wani reshe da tsutsa ta cinye ƙurmus, ta ce wa 'yar uwarta, "Kai, wannan ya yi kyau!" Da ta ga Iliyasu yana kallonta sai ta sunkuyar da kai, ta ce, "Sannu, Baba."

Washegari Abdurrahman ya zo da kansa. Iliyasu ya ja shi inuwar mangwaro, nesa da kunnen Maikano.

"Abdu, yaushe za a kawo nawa maganin?"

Daktan ya cire tabarau ya goge. "Kawu, ai taka ba a sa mata. Ita ce abin kwatance. In ba a ga wadda aka bari ta lalace ba, wa zai yarda maganin ne ya ceci ɗayar? Sai a ce bana ne kawai babu tsutsa."

Iliyasu ya dubi ruwan da ke bin magudana.

"Wato shaidar da za ta bayar, mutuwarta ce."

"Ba haka nake so ka ɗauka ba. Ƙa'idar bincike ce, duk duniya haka ake yi."

"To me ya sa tawa? Gonaki nawa ne a layin nan?"

"Bara mun gwada a Bunkure. Duk wanda muka ce kada ya fesa, da mun juya baya sai ya fesa. Aikin shekara ya tafi a banza." Ya sassauta murya. "Kai kaɗai na sani wanda in ya ce bai yi ba, to bai yi ba. Ka ƙara haƙuri kaɗan, Kawu. An sa maka abin rage asara a tsarin, yana hanya. Baɗi kuma kai za a fara ba wa maganin. Daga Kura har Garun Mallam, sharon ta zama labari. Kai ne za ka zama sanadi."

Wannan ta ƙarshen ce ta kama shi. Iliyasu ya tuna shekarar da tsutsar ta fara zuwa, manyan maza suna zaune a bakin gonakinsu suna hawaye. In gona ɗaya za ta fanshi dubu, wa ya isa ya ce a'a? Kuma yaron nan, shi Iliyasu ne ya ɗauki akwatinsa a ka ya kai shi makarantar kwana.

Da yamma ya saɓa famfon feshin ya mayar wa Datti, kwalbar ba a ko buɗe ba. Sa'a ta bi shi da kallo har ya fice.

* * *

Bai cika kwando ko ɗaya mai kai wa kasuwa ba. Maikano ya loda motoci zuwa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, Iliyasu na cikin masu dako. Sa'a ta shiga cikin matan da ke yanka ragowar tumatirin mutane suna shanya kauɗa, tana dawowa hannu duk ya tsattsage. Akuyoyinta suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Abin rage asara kuwa yana hanya. Wata irin hanya ce mai tsawo, har damina ta zo ta wuce bai iso ba.

Ɗalibai suka zo suka kwance fitilun suka tafi da su, kayan jami'a ne. Allon ne kawai suka manta.

Da bazara ta zagayo, sharon ta dawo da 'yan rakiya. Wannan karon ba ta bar gonar kowa ba. Maganin kasuwa ya zama mata kamar ruwan wanka. Maikano ya daina tsokana.

"Ɗan uwa," ya ce, "ka je ka gano mana yaron nan. Ba ya ɗaga wayata."

Iliyasu ya ɗauko hular Juma'a ya hau mota.

Bai taɓa shiga jami'a ba. Mai gadi ya nuna masa wani dogon gini. A barandar ginin injuna ne jere, kowanne da takarda a manne. Wani ma'aikaci da ke raka shi yana yi masa bayani da alfahari: wannan na busar da tumatir ne cikin wuni ɗaya, wannan na jan ruwa ba fetur, wancan na sanyaya kayan gwari. Duk yaranmu suka ƙera. A cikin na busar da tumatirin kaza ta yi ƙwai. Iliyasu ya tuna hannun Sa'a, ya kau da kai. Ta wata taga ya hango fitilun gonar Maikano an tsibe su a lungu, gizo-gizo ya ɗaure su wuri ɗaya. Ta wata kuma ɗaki ne cike da littattafai masu baƙin bango, tun daga ƙasa har rufi, na ƙasan gara ta fara karantawa.

Abdurrahman ya tarbe shi da murna ta gaske. An sauya masa ofis, an sauya allon ƙofa.

"Kawu! Ka yi mini barka, an ƙara mini girma. Kuma aikinmu ne sanadi. Ya fito a babbar mujalla ta ƙasar waje. Dubi nan."

A bango an manna wata ƙatuwar takarda mai hotuna biyu. Dama gonar Maikano, shar. Hagu tasa, ƙurmus. An haɗa da ɗan ƙaramin hotonsa na ranar farko, yana murmushi a jikin allo.

"Masana da yawa sun ambaci aikin nan a nasu rubutun. Hotonka ya je inda ni ban je ba."

"Madalla. Allah ya ƙara ɗaukaka. Na zo karɓar maganin."

Daktan ya zauna a hankali. Ya ce tallafin ya ƙare. Ya ce ba kamfanin da ya zo ya ɗauka. Haɗawar tana buƙatar inji, injin yana buƙatar wuta, wutar kuwa sai a hankali.

"To faɗa mini yadda ake yi. Darbejiya ai ga ta nan har a ƙofar gidana. Mu daka a turmi."

"Ba ni da iko, Kawu. Jami'a ta nemi rajistar mallakar maganin. Kafin ta fito, ba a yarda a bayyana wa kowa ba."

"Yaushe za ta fito?"

"Tana hanya."

Iliyasu ya gyara zama. Ba fushi a muryarsa, tambaya ce kawai irin ta mai son ya fahimta.

"Abdu, na sha tsayawa shaida. In na gama magana, alƙali ko dagaci yakan yanke hukunci, mai gaskiya ya tafi da abinsa. Wannan shaidar da gonata ta bayar, a gaban wa ta bayar? Wa zai yanke?"

"Mun rubuta shawarwari a ƙarshen takardar. Mun ce ya kamata hukuma ta duba."

"Ta duba?"

Abdurrahman ya sake cire tabarau. Ba mugun yaro ba ne. Shi ma an nuna masa tsani ne, an ce da takardu ake hawa, ba wanda ya taɓa tambayarsa gona nawa takardar ta ceta. Ya raka kawunsa har bakin titi, ya cusa masa wani abu a aljihu. Mota na shirin tashi ya sunkuyo ta taga, yana jin nauyin abin da zai faɗa, amma ya faɗa.

"Mun sami sabon tallafi, a kan albasa. In za ka shuka bana... irinka wuyar samu gare su, Kawu."

Direba ya ja mota.

* * *

La'asar sakaliya ya iso. Ya bi ta gona tukuna. Maikano na zaune a kan kunya, ya taso da sauri, da ya ga hannun Iliyasu wayam sai ya koma ya zauna. A bakin gonar ramuka biyu ne inda ƙafafun allon suke a da.

A tsakar gida ya sami allon. Sa'a ta kwantar da shi a kan duwatsu inda rana ta fi bugawa. Ta tsinto abin da ya yi saura a gonar, ta yanke wajen da tsutsa ta ci, ta jera guntayen a kan farin ƙarfen. Tambarin jami'a ya ɓace a ƙarƙashinsu, Turancin ma haka.

"Sannu da hanya, Malam. An samo?"

Ya girgiza kai.

"To. Wannan dai yana ɗaukar zafi," ta ce. "Ya fi tabarma saurin busarwa."

Ta shige madafa. Iliyasu ya tsuguna a gaban allon. Ruwan tumatirin ya gangaro ja-ja, ya bi ta kan koren rubutun ƙasa, ƙudaje sun yi layi a kai suna sha. Ya kore su da hularsa, suka tashi suka dawo. Sai ya ajiye hular, ya shiga juya guntayen ɗaya bayan ɗaya, don ɗaya gefen ma ya sami rana.